Yadda ake rina gira da lalle a gida

Ganyen lalle ja yake bayarwa, ba ya baƙi. Duk wadda ta taɓa ƙunshi ta san haka, amma da an zo maganar gira sai a manta, a shiga neman abin da zai ba da baƙi wuluk cikin minti goma. Daga nan ɓarna take farawa. Tsakanin gira da ido bai wuce faɗin yatsa ba, fatar wurin kuma ba irin ta tafin ƙafa ba ce da ke jure duk abin da aka lafta mata. Hanyar da za a bayyana a nan tana cin lokaci, launinta ma ba ya nuna sosai sai bayan kwana biyu, amma ganye ne da ruwa da ɗan sukari kawai.

Wadda za ta fi cin moriyar aikin ita ce mai gashin gira tsilli-tsilli, da wadda furfura ta fara leƙo mata, da wadda ta gaji da zana jagira da safe zufar bazara ta wanke ta kafin azahar. Idan girarki cike take, baƙa siɗik, lalle ba zai ƙara miki komai ba sai ɗan sheƙin ja in kin shiga rana. Ki bar ta yadda Allah ya yi ta.

Kayan da za ki tanada

- Garin lalle tsantsa, cokalin shayi 1. Ya ishi gira biyu har ya yi saura.
- Garin ganyen baba, wato tsiron da ake samun shuni daga gare shi, cokalin shayi 1 zuwa 2, idan kina son launin ya yi duhu.
- Ruwan ɗumi, ko ruwan shayi da ba a sa masa madara ba, wanda ya huce.
- Sukari, abin da yatsu biyu za su ɗebo.
- Ƙananan kofuna 2 na tangaran ko gilashi, da cokalin roba. Gwangwani mai tsatsa ba ya wannan aiki.
- Rariya mai laushi da ƙyalle mai shara-shara, kamar tsohon mayafi.
- Basilin ko man kaɗe.
- Jagira, fara in akwai.
- Ƙaramin buroshin kwalliya mai karkataccen baki. In babu, tsinken sakace da aka ɗan daddaƙe bakinsa ya yi gashi-gashi zai yi.
- Wankakken buroshin maskara, ko tsohon buroshin haƙori, don taje gira.
- Auduga da tsinken goge kunne mai auduga, guda 10 ko fi.
- 'Yar leda mai laushi, madubi, da agogo ko waya.
- Buta cike da ruwa mai tsabta, a ajiye ta kusa da hannu. Ba don ado ba ce, za ki ji amfaninta a ƙasa.

Zaɓen lalle da baba

A Babbar Kasuwar Katsina ko 'Yar Kutungu, ko kasuwar Daura, ki ce lallen gargajiya kike so, na ganye, wanda ba a haɗa da komai ba. Mai kyau launinsa kore ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, ƙamshinsa kamar na busasshiyar harawa. Wanda ya koma launin ƙasa gaba ɗaya ya tsufa, ƙarfinsa ya tafi. Wanda kuma korensa ya yi shar har yana ɗaukar ido, ki yi shakkarsa, don akan zuba rini a tsohon lalle ya fito kamar sabo. Ki ɗebi kaɗan ki jiƙa a kan farar takarda: tsantsan lalle ba ya sakin launi nan take, sai ya jima. In takardar ta yi jawur ko baƙi cikin minti ɗaya, an yi masa haɗi. Ki kuma zuba rabin cokali a kofin gilashi da ruwa ki motsa, in akwai yashi za ki gan shi kwance a ƙasa.

Mai bishiyar lalle a gida ta fi kowa sa'a. Ganyen da aka tsinka lokacin zafi ya fi kama jiki. A shanya shi a inuwa, ba a rana ba, har ya riƙa karyewa a hannu, sannan a daka a turmin da bai taɓa ganin barkono ba. Wannan sharaɗi na turmi kada ki ɗauke shi wasa.

Baba kuwa ganyensa ake nufi, busasshe dakakke, shi ma kore. Ba shunin marina ba, ba kuma ruwan karofi ba, domin waɗancan an haɗa su da toka da wasu abubuwa masu cin fata. Akwai na fakiti da ke zuwa daga Indiya. Ki duba bayansa, ya kasance Indigofera tinctoria kaɗai aka rubuta a jerin abin da ke ciki. In ba ki samu baba ba, ki yi da lalle zalla, ki san dai ja-ja za ki samu.

Abin da ba ya zuwa kusa da gira

Na farko dayis, wato baƙin lallen da ake zanen fulawa da shi. Baƙin nasa ba na ganye ba ne, na wani sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, a fakiti ana rubuta shi p-phenylenediamine. Muguntarsa ita ce ba lallai ya nuna a ranar ba. Sai bayan kwana biyu, wani lokaci har mako biyu, wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai siffar zanen. Jikin da ya ƙi shi sau ɗaya kuma ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashin kai aka shafa daga baya sai ya tayar. A Amurka, a 1933, wani rinin gira da gashin ido mai suna Lash Lure da ke ɗauke da wannan sinadari ya makantar da mata, yana kuma cikin abin da ya jawo dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya da suka kafa a 1938. Karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido, a wannan wuri ba karin magana ba ce.

Haka duk wani "lallen gira" na kanti da aka ce a kwaɓa shi da ruwan haidurojin (hydrogen peroxide), ko wanda ke yin baƙi cikin minti 10: rinin gashi ne aka sa wa sunan lalle. Sai gishirin lalle da toka, da ake baƙanta ƙunshin ƙafa da su. Warin nan da ke shaƙe hanci in an haɗa su, ki ƙiyasta shi a saman ido. Sai mahallabiya da man kanumfari, waɗanda ke taimakon lallen hannu amma tururinsu kaɗai yana sa hawaye. Kananzir da fetur ba a ma maganarsu. Lemun tsami ma ki bar shi wa hannu: yana raɗaɗi in ya gangaro, yana busar da fata, yana kuma raunana baba.

Gashin ido kuwa ba a rina shi da komai a gida, ko da tsantsan lalle ne.

Mataki na 1: gwaji

Kwana biyu kafin aikin, ki kwaɓa ɗan lalle, da ɗan baba in za ki sa shi, ki ɗiga kamar ƙwayar dawa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu. Ki bar shi awa 1, ki goge, ki saurara awa 48. Launin lemu a wurin ba matsala ba ce, aikin lallen ke nan. Ƙaiƙayi, zafi, kumburi ko ƙuraje su ne ke cewa a fasa. Ko kin shekara ashirin kina ƙunshi, in sabon gari ne daga hannun da ba ki saba ba, ki gwada.

Mataki na 2: zaɓar rana da lokaci

Launin lalle yana kammala nuna ne bayan kwana biyu. Saboda haka in don Sallah ne, ko Sallar Gani, ko biki, kada ki bari sai jajibiri, za ki fita da gira launin lemu. Ki ba shi kwana 3. Amarya kuwa kada ta yi gwajin farko a makon biki, ta fara tun saura wata guda, in ya yi mata sai ta maimaita.

A cikin yini, hantsi ya fi. Akwai hasken da za ki ga siffar girar sosai, kuma tsakanin hantsi da azahar akwai tazarar da lallen zai zauna ba tare da alwala ta katse shi ba. Launin da lalle ya bari ba ya hana ruwa taɓa fata, amma kwaɓin da ke manne yana hanawa, don haka sai an cire shi tas kafin a yi alwala. Masu yi bayan isha'i suna fama da abu biyu: hasken ƙwan lantarki ko na waya yana ruɗin ido wajen daidaita gira, sannan barci yana iya ɗauke mutum da lalle a fuska ya wayi gari da shi a fatar ido da matashin kai.

Mataki na 3: tankaɗe da kwaɓi

Ki tankaɗe garin a rariya, sannan ki sake tankaɗe shi ta cikin ƙyallen. Lallen ƙafa yana yafe tsaki-tsaki, na gira ba ya yafewa, duk ɗan karan da ya rage zai hana layin fita sumul kuma shi ne zai fara faɗowa ido in ya bushe.

Ki zuba cokalin shayi 1 a kofi, ki riƙa ɗiga ruwan ɗumi kina juyawa. Yawanci cokali ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwa yake sha, amma gari ya bambanta, don haka da ido za ki auna. Kaurin makilin ake so: in kin ɗaga cokalin ya tsaya a jikinsa, kada ya zuba. Ki sa ɗan sukarin. Aikinsa shi ne ya sa kwaɓin ya manne ya kuma jinkirta bushewa, abin da ake matuƙar buƙata da hunturu. In ya yi yawa sai kwaɓin ya riƙa narkewa yana gangarowa da zafi, shi ya sa aka ce na yatsu biyu.

Kada ki zuba tafasasshen ruwa. Yana fito da launin da sauri amma ya kashe shi da sauri, sai a samu ja mai haske wanda ba ya nuna. Ruwan shayi kuma kada ki ɗora masa buri, bai isa ya mai da lalle baƙi ba, ɗan taimako kawai yake yi.

Ki danna leda a saman kwaɓin ta manne da shi, ki ajiye a inuwa ya tsima. Sinadarin da ke ba da launin yana cikin ganyen ne, sai ya jiƙu ya ɗan jima kafin ya fito ya iya kama gashi da fata. Zafi ne ke tafiyar da wannan lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura maki 40, awa 1 zuwa 2 ya isa, in kin kwaɓa bayan asuba ya shirya da hantsi, in kuma ya wuni ya lalace. Da sanyin Disamba da Janairu sai ki kwaɓa da dare ya kwana. Alamar ya tsima: samansa ya yi duhu, cikinsa yana nan kore. Ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki goge bayan minti 5. In ya bar lemu mai haske ya yi, in ɗan rawaya ne ki ƙara masa lokaci.

Baba ba a kwaɓa shi yanzu. Nasa yana zuwa.

Mataki na 4: wanke gira

Maiƙo shi ne babban abokin gabar lalle, fuska kuwa ta fi ko'ina maiƙo. Ki wanke girar da sabulu mara mai, ki sa buroshin ki ɗan cuɗa a hankali don fitar da ragowar jagira, hoda da matacciyar fata. Ki ɗauraye, ki tsane, ki jira ta bushe ƙarau. Kada ki shafa mai bayan nan.

Mataki na 5: fitar da siffa

A nan ake gane hannu, a nan kuma ya kamata ki kashe lokaci. Jagira tana goguwa, lalle ba ya goguwa.

Ki zauna daidai gaban madubi, fuska a sake, kada ki ɗaga gira. Ki ɗauki tsinken tsintsiya miƙaƙƙe. Ki kafa shi a gefen hanci ya miƙe sama ta lungun ido na ciki: inda ya taɓa gira nan ne farkonta, ki ɗiga alama. Ki bar gindinsa a gefen hanci ki karkata shi ya bi ta gefen baƙin ido na waje kina kallon gaba: nan ne tudun girar. Ki ƙara karkata shi ya bi ta ƙarshen ido: nan wutsiya za ta tsaya. Ki yi haka a ɗaya gefen, ki ja baya ki duba ko alamomin sun yi daidai da juna kafin ki haɗa su da layi, sama da ƙasa.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa. Ana matso da kawunan girar kusa da juna, fuska ta yi kamar mai fushi. Ana jan wutsiya ta sauko ƙasa da inda kan girar ya fara, ido ya yi kamar na mai jin barci. Ana kuma zana layi nesa da inda gashi yake don a samu gira mai faɗi. Kwana huɗu launin fatar ya tafi, a bar ki da siffar da ba ta da tushe. Ki bi gashinki, in za ki ƙara kada ya wuce kaurin tsinke.

Ba a buƙatar reza ko tsiga a wannan aiki. Maganar cire gashin gira sananniya ce, hadisin Ibn Mas'ud da ke Buhari da Muslim ya yi hani mai tsanani a kai, shi ya sa ma mata da yawa suka koma rini. Ban da wannan, fatar da aka aske ko aka tsige yanzu tana da ƙananan raunuka, lalle zai shiga ya yi zafi ya kuma bar ɗigo-ɗigo.

Mataki na 6: katanga

Ki lakato basilin da tsinken auduga ki zagaye layin daga waje, sama da ƙasa da tsakanin girar biyu. Siriri, ba lafce ba. Duk gashin da man ya taɓa ba zai kama ba, in ya taɓa ki goge da sabulu ki busar.

Mataki na 7: haɗa baba

Mai yi da lalle zalla ta tsallake wannan. Baba ba ya tsimi kamar lalle, da an jiƙa shi ƙarfinsa ya fara tafiya, shi ya sa sai an gama zana siffa ake taɓa shi. Ki kwaɓa shi a kofi na biyu da ruwan ɗumi zalla, ki bar shi minti 10, za ki ga samansa ya ɗauki shuɗi-shuɗi mai ƙyalli. Sai ki haɗa da lallen ki shafa nan take.

Awo ɗaya na lalle da awo ɗaya na baba yana ba da launin ƙasa mai ɗan ja, ya fi karɓar farar mace. Awo ɗaya na lalle da biyu na baba yana ba da ƙasa-ƙasa mai duhu, shi ya fi dacewa da wankan tarwaɗa da baƙar mace. Baba shi kaɗai kuma kada a yi shi a kan furfura, kore-kore zai bayar.

Mai furfura, ko mai son abin da ya kusa baƙi, hawa biyu za ta yi. Ta fara da lalle zalla awa 1, ta cire, ta ɗauraye da ruwa, ta busar. A nan furfurar za ta yi jawur kamar gemun dattijon da ya sha lalle, kada ta firgita. Sai ta kwaɓa baba sabo ta ɗora a kai minti 30 zuwa 45. Jan da ke ƙasa da shuɗin da ke sama su ne ke haɗuwa su ba da duhun. Wannan ita ce kaɗai hanyar samun baƙi daga ganye.

Mataki na 8: shafawa

Ki fara daga tudun gira zuwa wutsiya, domin nan ne ake son ya fi duhu, nan ya kamata ya fi daɗewa. Ki ɗebo kaɗan a bakin buroshi ki ja layin ƙasa tukuna, shi ne ke fitar da tsabtar aikin, sannan na sama, sannan ki cike tsakiya. Ki riƙa dannawa, ba shafa ta sama-sama ba, don kwaɓin ya ratsa gashi ya sauka kan fata. In kika hango fata ta tsakanin gashi, wurin zai fito da tabo-tabo. Ki yi wutsiyar dama, ki yi ta hagu, sannan ki dawo kawunan. In kika gama gira ɗaya gaba ɗaya kafin ki fara ɗayar, ta farkon za ta fi duhu.

Kan gira a shafa masa siriri, a kuma ɗan ja shi sama da busasshen buroshi kada ya yi kusurwa kamar akwati. Duk inda ya tsallake layi ki goge nan take da jiƙaƙƙen tsinken auduga, jan farko ɗaya, ki juya ɗaya bakin. Minti biyu ya ishi lalle ya bar shaida.

Idan ya fara shan iska, ki ƙara hawa na biyu daga tudu zuwa wutsiya, kaurinsa kamar na kwabo.

Mataki na 9: jira

Lalle yana aiki ne muddin yana da danshi. Da ya bushe ƙarau ya tsaya. Da hunturu cikin minti 10 zai fara tsagewa, don haka ki yanka leda siririya ki lulluɓe kowace gira, ko ki riƙa ɗan taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa. Da bazara matsalar zufa ce: ki zauna inda iska ke kaɗawa, kada ki shiga madafa, kada ki sunkuya wanki, ki riƙe auduga kina tsane goshi kafin zufar ta kai gira.

Bayan minti 20 zuwa 30 ki cire na kan gira, kamar faɗin ɗan ƙaramin yatsa. Sauran ki bar shi awa 1 in karon farko ne. In kin ga yadda fatarki ke karɓa, wani karon kina iya kai shi awa 2. Ɗan sanyi-sanyi a wurin ɗabi'ar lalle ce. Zafi ko raɗaɗi ba ɗabi'arsa ba ce, ki wanke nan take.

Mataki na 10: cirewa

Ki rufe idon da ke gefen, ki ɗan sunkuyar da kai don ɓarɓashi ya zuba ƙasa. Ki jiƙa auduga ki ɗora a kai minti 1 ya yi laushi, sannan ki share daga kai zuwa wutsiya, kowane ja da sabuwar auduga. Kada ki kankare shi a bushe. Ki taje da buroshi, ki share basilin ɗin tas, ki ɗauraye da ruwa ba sabulu.

Kwana biyun farko

Abin da za ki gani a madubi yanzu ba shi ne sakamakon ba. Lalle zalla zai fito lemu, mai baba kuma yana iya yin kore-kore. Iska ce ke nunar da su, zuwa jibi sun koma launinsu. Babban kuskure a nan shi ne a tsorata a sake laftawa a ranar, ko a hau gogewa.

Alwala ba ta ɓata shi, ki wanke fuska yadda aka saba, kada dai ki cuɗa wurin. Sabulu, dilka da turaren tururi a fuska su jira awa 24. Mai lalle zalla tana iya shafa ɗan man kaɗe da dare. Mai baba ta jinkirta mai sai bayan kwana biyu.

A fata launin yana yin kwana 3 zuwa 7, mai maiƙon fuska ma ba ya kai mata haka, a baƙar fata kuma da ma ba ya fitowa sosai, ribarta a gashin take. A gashi lalle ba ya fita, sai dai sabon gashi ya tsiro ya sirka shi, shi ya sa ake sabuntawa bayan mako 4 zuwa 6. Baba ya fi lalle saurin sakin gashi, don haka in girar ta fara komawa ja bayan mako biyu, ba sai kin sake komai daga farko ba, ki ɗora baba kaɗai minti 20.

In aikin bai yi ba

Bai kama ba sam: ko garin ya tsufa, ko an kwaɓa da tafasasshen ruwa, ko ya wuce lokacin tsimi, ko akwai maiƙo. Gwajin tafin hannu da an yi shi da ya tona uku daga ciki.

Ya yi tabo-tabo: kwaɓin bai sauka kan fata ba, ko akwai amosani a cikin girar. Ki magance amosanin tukuna.

Ɗaya ta fi ɗaya duhu: bayan kwana biyu ki ƙara wa mai hasken minti 15.

Ya yi duhu da yawa ko ya fita layi: ki jiƙa wurin da man zaitun ko man gyaɗa minti 10, ki wanke da sabulu, safe da yamma. Cikin kwana biyu zuwa uku zai sauka. Kafin nan hoda ta rufe miki. Kada ki sa ruwan bilicin wanki, ko makilin, ko toka.

Idan ya shiga ido, butar nan ce maganin farko. Ki karkata kai, idon da abin ya shiga yana ƙasa, ki buɗe shi da yatsu ki riƙa kwarara ruwa daga wajen hanci zuwa waje, minti 15 cur. Kada ki murza. Kada a ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko a ranbaɗa kwalli. In bayan wankin akwai zafi, ko gani ya yi hazo, ko idon ya kasa kallon haske, a tafi asibiti a ranar, a tafi da ragowar garin ko fakitinsa. Kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi ya fara wuya, wannan ba ya jiran komai.

Waɗanda za su haƙura

Mai ƙurji, rauni ko ƙyasbi a wurin, da mai ciwon ido, sai sun warke. Mai shafa man bilicin ko man ƙurajen fuska mai saɓe fata, fatarta ta yi siriri, lalle zai yi mata zafi kuma ba zai zauna ba. Wadda dayis ko rinin gashi ya taɓa ƙonawa ta nisanci duk wani haɗin kanti, tsantsan ganyen ma sai ta yi gwaji da kyau. Mai takaba sai ta fita. Jarirai da ƙananan yara kuwa ba a zana musu gira da lalle ko kaɗan: akwai ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a ƙasar nan musamman ga 'ya'ya maza, lalle yana iya farfasa wa mai shi ƙwayoyin jini ya jawo shawara, iyaye da yawa kuma ba su san ɗansu yana da shi ba. Babba ma da likita ya taɓa gaya mata tana da shi, ta tambaye shi kafin ta shafa.

Ragowar kwaɓin lalle kada ki ajiye shi don wani watan, sai in kina da firiza da wuta tsayayya. Ki ƙarasa shi a farce. Na baba zubarwa ake yi. Busasshen garin ki ɗaure shi a leda biyu, ki sa a kwalba mai murfi, ki ajiye a lungun da rana ba ta kaiwa, ki kuma rubuta awon da kika yi da mintunan da kika bari a jikin kwalbar don karo na gaba.